MAKAMIN ARO BASHI NE: Abin Da Yaƙin Basasar Cadi Ya Koya Mana

Wannan mako filin namu zai leƙa maƙwabta ne, watau ƙasar Cadi, domin mu duba yadda rigimar cikin gida take komawa kasuwar manyan ƙasashe. Kowane ɗan kasuwa ya san mutumin da zai zo da fara'a ya ce maka ɗauki kaya, kada ka damu da kuɗi yanzu. Ya kuma san cewa ranar biya tana nan tafe, sau da yawa ma abin da za a biya ya ninka abin da aka ɗauka. To, haka makami yake idan baƙo ya miƙa wa mutum domin ya yaƙi ɗan'uwansa. Bashi ne mai ruwa, mai ba da shi ne yake yanka wa'adi, shi ne kuma yake zaɓen abin da za a biya shi da shi, ko ƙasa, ko 'yanci, ko jinin talakawa.

Cadi ba baƙuwarmu ba ce. Kafin jirgin sama ya yawaita, alhazanmu ta nan suke bi, su tashi daga Kano ko Barno, su yada zango a Fallomi, wadda aka sauya wa suna Njamena a 1973, su wuce Abeshe, su faɗa Sudan. Da yawa daga cikinsu guzuri ya ƙare musu a hanya suka zauna, jikokinsu suna can har gobe suna magana da Hausa. Shanun da ake kora zuwa kasuwannin Barno, da kanwa, da bandar kifin tafkin Cadi, duk fatakenmu sun san hanyarsu. Saboda haka labarin da za mu bayar na gidan maƙwabci ne, kuma masu iya magana sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

TSAGEWAR BANGO

Cadi ta sami mulkin kai daga Faransa ran 11 ga Agusta 1960, shugabanta na farko kuwa shi ne Tombalbaye, mutumin kudu. Turawan mulkin mallaka sun bar ƙasar a karkace, domin makarantun boko da gonakin auduga yawancinsu a kudu suke, arewa da gabas kuwa, inda Musulmi suka fi yawa, an bar su a baya. Maimakon sabon shugaba ya gyara wannan karkata, sai ya ƙara mata nauyi. A 1962 ya soke jam'iyyun hamayya, a 1963 kuma ya kama shugabannin Musulmi da dama, aka yi tarzoma a babban birni, aka zubar da jini.

Amma abin da ya kunna wutar sosai haraji ne. A ƙarshen 1965 talakawan Mangalme, a tsakiyar ƙasar, suka gaji da masu karɓar haraji waɗanda suke tatsar mutane fiye da ƙa'ida, ga kuma wani kuɗi da ake karɓa da sunan rance ga gwamnati alhali kuwa tilas ne. Suka tashi suka kashe wasu ma'aikata, gwamnati ta aika da soja suka yi ramuwar gayya a kan ƙauyuka. Can ƙuryar arewa kuma, a ƙasar Tubawa, sojan da suka gaji Faransawa a 1965 suka riƙa wulakanta mutane, har Darde, watau sarkin Tubawan Tibesti, ya yi hijira zuwa Libiya a 1966. A wannan shekara ce, cikin watan Yuni, aka kafa ƙungiyar tawaye ta Frolinat a garin Nyala na Sudan, ƙarƙashin Ibrahim Abatcha.

Ma'aikacin gwamnati da yake karanta wannan fili ya tsaya nan ya yi tunani. A ranar da aka fara wannan fitina babu ɗan Rasha ko ɗan Amurka a Mangalme. Akwai dai wani mai riƙe da littafin haraji wanda ya ga talaka ba shi da gata, ya karɓi abin da ba hakkinsa ba. Daga hannunsa bango ya fara tsagewa, kuma sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

MASU BA DA BASHI SUN ISO

Wanda ya fara cin bashi shi ne Tombalbaye da kansa. Da ya ga sojansa sun kasa, sai ya kira Faransa, ta kawo masa ɗauki a 1968, ta kuma turo runduna sosai a 1969. 'Yan tawaye su ma suka waiga arewa, inda Kanar Gaddafi ya hau mulkin Libiya a watan Satumba 1969, ya buɗe musu ƙofa, ya ba su makamai da mafaka, yana cewa taimakon 'yan'uwa Musulmi yake yi. Ba a daɗe ba aka ga iyakar wannan 'yan'uwantaka. A ƙarshen 1972 Tombalbaye ya yanke hulɗa da Isra'ila, ya ƙulla yarjejeniyar abota da Libiya, nan take Gaddafi ya janye hannunsa daga 'yan tawayen. A 1973 kuma sojan Libiya suka shiga zirin Awuzu, wani yanki na hamada mai faɗin murabba'in kilomita kimanin 114,000 a kan iyakar ƙasashen biyu, suka kafa tuta. Hujjarsu ita ce wata yarjejeniya da Faransa da Italiya suka tsara a 1935, wadda ba ta taɓa fara aiki ba. Kashin farko na bashin ke nan, an biya shi da ƙasa.

Batun Awuzu ne ya raba manyan jagororin tawayen arewa biyu, waɗanda sunayensu za su cika sauran labarin. Ɗaya shi ne Gukuni Weddei, ɗan Darden da ya yi hijira. Ɗayan kuwa Hissen Habre, haifaffen Faya, wanda ya yi karatu mai zurfi a Faris. Dukansu Musulmi ne, dukansu kuma Tubawa ne. Gukuni yana ganin a lallaɓa Libiya tukuna har a kayar da gwamnati, Habre ya ce ba za a yi shiru ana cin ƙasa ba. Suka rabu a 1976. Shi Habre ɗin nan, a 1974 ya kama wata Bafaranshiya mai binciken kayan tarihi, Madam Claustre, ya yi garkuwa da ita, mutanensa kuma suka kashe wani hafsan Faransa da aka aiko domin a yi ciniki a kanta. Ka riƙe wannan, ya mai karatu, domin nan gaba kaɗan za ka ga jiragen yaƙin Faransa suna kare mulkin wannan mutum.

Soja suka kashe Tombalbaye ran 13 ga Afrilu 1975, Janar Malloum ya hau. Gaddafi ya sake komawa ga Gukuni da makaman da yake saye daga Rasha da kuɗin man fetur, har Gukuni ya ci garin Faya a watan Fabrairu 1978 ya doshi kudu. Faransa ta sake turo soja ta tare shi. Malloum kuma, don neman tsira, ya jawo Habre ya naɗa shi firayim minista a watan Agusta 1978. Zaman bai yi wata shida ba, ran 12 ga Fabrairu 1979 sojan shugaban ƙasa da na firayim ministansa suka kaure da faɗa a tsakiyar Njamena. Aka kashe 'yan kudu a babban birni, sauran suka gudu gida, a garuruwan kudu kuma irin su Mundu aka far wa Musulmi, yawancinsu 'yan kasuwa ne da ba su san hawa ba ba su san sauka ba.

SULHUN KANO

A nan ne Nijeriya ta shiga tsakani. Gwamnatin Janar Obasanjo ta kira masu faɗa zuwa Kano a watan Maris 1979, tare da wakilan maƙwabta, watau Nijar da Kamaru da Sudan da Libiya. Aka sa hannu a kan tsagaita wuta, da fitar da mayaƙa daga babban birni, da kafa gwamnatin riƙo. Malloum ya sauka ya zo Nijeriya ya zauna, sojan Nijeriya kuma suka tafi Njamena domin tsaron zaman lafiya. Aka sake zama a Kano a watan Afrilu, aka watse ba a daidaita ba, sojanmu ma suka dawo gida a watan Yuni bayan saɓani da masu riƙe da birnin. Aka koma Ikko, inda ran 21 ga Agusta 1979 ƙungiyoyi 11 suka sa hannu a kan wata sabuwar yarjejeniya. A watan Nuwamba aka kafa gwamnatin haɗin kai, Gukuni shugaba, Kanar Kamougue na kudu mataimaki, Habre ministan tsaro.

Duk wanda ya dubi takardun nan zai ga babu abin da aka manta. Me ya sa suka rushe cikin wata huɗu? Mai sulhu a kasuwa ya san amsa. Mutum biyu suna yarda su sassauta wa juna ne idan kowa ya tabbata cewa rigimar ta fi ƙarfin aljihunsa. Idan kuwa kowannensu yana da wani attajiri a bayan rumfa yana raɗa masa cewa kada ka yarda, ni zan ɗauki asarar, to, ko limamin gari ne ya zauna a tsakaninsu aikin banza yake yi. Waɗanda suka zauna a Kano da Ikko kusan kowannensu yana da ƙofar baya. Wasu ƙungiyoyin ma Libiya ce ta raine su, domin yawan hannu a wurin rabo. Nijeriya kanta, mai masauki, tana da ƙungiyar da take jin daɗinta a yankin tafki, wannan kuwa ya rage mata kwarjini a idon sauran. Kowa ya sa hannu yana lissafin makaman da aka yi masa alkawari.

A watan Maris 1980 faɗa ya sake ɓarkewa a Njamena, wannan karo tsakanin Gukuni da Habre. Wata tara ana luguden wuta unguwa unguwa. Dubun-dubatar mutane suka ƙetare kogi zuwa Kusiri ta Kamaru, wasu suka ƙaraso Barno. Nan ya kamata a lura da wani abu. Shekara da shekaru ana gaya wa duniya cewa yaƙin Cadi na Musulmin arewa ne da Kiristan kudu. Ga shi yanzu masu salla ɗaya, masu harshe kusan ɗaya, su ne suke rusa birnin a kan junansu, kuma babu wata mas'ala ta addini da ta raba su.

AMURKA TA SA HANNU

Gukuni ya rasa yadda zai yi da Habre, sai ya ƙara cin bashi. Ya ƙulla yarjejeniya da Libiya a watan Yuni 1980, Gaddafi ya turo dubban soja da tankokin yaƙi ƙirar Rasha suka ratso hamada, a tsakiyar Disamba suka kori Habre daga Njamena. Mai bashi bai jira ba. Ran 6 ga Janairu 1981 aka ba da sanarwa a Turabulus cewa Libiya da Cadi za su zama ƙasa ɗaya. Hankalin maƙwabta ya tashi, har da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari, domin ga sojan Gaddafi sun iso bakin tafkin Cadi.

A cikin watan nan na Janairu ne Reagan ya hau mulkin Amurka. A lokacin duniya ta rabu biyu tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet, watau Rasha da ƙasashen da ke ƙarƙashinta, kowace tana auna kowace rigima da ma'auni ɗaya: ribar wa, asarar wa? A idon Amurka, Gaddafi babban mai sayen makaman Rasha ne, kuma barazana ne ga abokanta biyu, Masar da Sudan. Tana neman wurin da za ta ji masa ciwo ba tare da ta zubar da jinin ɗanta ko ɗaya ba, sai ga Habre yana zaune a kan iyakar Sudan ba shi da komai sai ragowar mayaƙa. Hukumar leƙen asirin Amurka ta shiga aika masa da kuɗi da makamai ta hannun Masar da Sudan. Ita kuwa Rasha, cinikinta take yi, tana sayar wa Libiya jirage da tankoki tana karɓar kuɗi. Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Aka matsa wa Gukuni, musamman daga Faransa da wasu shugabannin Afirka, cewa ya sallami sojan Libiya za a kawo masa rundunar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka. Ya yarda, Gaddafi ya kwashe sojansa cikin fushi a watan Nuwamba 1981. Runduna ta zo daga Nijeriya da Senegal da Zayar, ƙarƙashin wani hafsan Nijeriya, Manjo Janar Ejiga. Gukuni yana zaton za su yi masa yaƙi, su kuwa suka ce tsaron zaman lafiya aka aiko su. Habre ya taso daga gabas yana cin gari bayan gari, ran 7 ga Yuni 1982 ya shiga Njamena, Gukuni ya ƙetare kogi zuwa Kamaru. Daga nan ya sake komawa hannun wanda ya sallama jiya, domin ba shi da wata ƙofar.

LAYIN DA BAƘI SUKA JA

A 1983 Gukuni da sojan Libiya suka sake kama Faya. Amurka ta ba Habre taimakon dala miliyan 25, ta kuma aika da jiragen leƙen sararin sama zuwa Sudan. Mobutu na Zayar ya turo soja. Faransa, wadda Habre ya kashe wa hafsa, ta sauke soja kimanin 3,000 a watan Agusta domin ta kare shi. Amma dubi irin kariyar. Faransawa suka ja layi a kan taswira, suka ce Libiya kada ta ƙetaro kudu da shi, su kuma ba za su taimaki Habre ya ƙetara arewa ba. Da fari layin awon ƙasa na 15 ne, a farkon 1984 suka matsa shi zuwa na 16. Ƙasa ɗaya ta zama biyu, ba tare da an tambayi makiyayin da layin ya ratsa ta tsakanin rijiyarsa da makiyayarsa ba. A watan Satumba 1984 Faransa da Libiya suka shirya a tsakaninsu cewa kowa zai janye, Mitterrand da Gaddafi suka gana a tsibirin Kirit a watan Nuwamba. Faransa ta janye, Libiya ta zauna, sai da Faransa ta sake dawowa da jirage a watan Fabrairu 1986.

Abin da wannan layi yake nunawa shi ne, mai ba da makami yana auna shi kamar yadda mai magani yake auna garin magani. Yana ba ka abin da zai hana ka faɗuwa, yana hana ka abin da zai sa ka gama yaƙin ka daina bukatarsa. Faransa tana son ta tsare martabarta a ƙasashen da ta mallaka, amma ba ta son ta ɓata da Libiya gaba ɗaya. Amurka tana son a yi ta zubar da jinin sojan Gaddafi. Gaddafi yana son Awuzu da gwamnatin da za ta bi umarninsa. A cikin ukun nan babu wanda zaman lafiyar Cadi ne farkon bukatarsa.

Abin ya juya ne sa'ad da 'yan Cadi suka haɗa kai. A 1986 mutanen Gukuni suka gaji da zama bayin Libiya a ƙasarsu, aka harbi Gukuni kansa a Turabulus aka ji masa rauni a watan Oktoba, mayaƙansa na Tibesti suka juya wa Libiya baya suka haɗu da sojan gwamnati. A 1987, cikin motocin Toyota masu ɗauke da makaman fasa tanka waɗanda Faransa ta bayar, ƙarƙashin Hassan Jamus, suka ci Fada a watan Janairu, suka ci babban sansanin Wadi Dum a watan Maris, suka kwashe ganimar makaman Rasha mai ɗimbin yawa. A watan Yuni Reagan ya karɓi Habre a fadarsa. Amma da suka kama Awuzu a watan Agusta, Faransa ta ƙi ba su kariyar jirage, Libiya ta ƙwace garin kafin watan ya ƙare. Aka tsagaita wuta ran 11 ga Satumba 1987.

RANAR BIYA

Wa ya biya? Talakan Cadi ne ya fara biya. Muddin Habre yana yi wa manyan ƙasashe aikin da suke so, babu wanda ya tambaye shi abin da yake yi a cikin gida. 'Yan sandansa na asiri suka cika gidajen kurkuku, har wani wurin wanka na zamanin Turawa aka rufe samansa aka mai da shi kurkukun ƙarƙashin ƙasa. Aka yi wa kudu kisan gilla a 1984, aka bi Hajarawa a 1987, aka bi Zagawa a 1989, waɗannan biyun na baya kuwa da su ya ci yaƙi. Hukumar bincike da aka kafa bayan faɗuwarsa ta ƙiyasta a 1992 cewa mutum 40,000 ne suka halaka a zamaninsa.

Sa'an nan shi ma ya biya. A 1990 gabar Amurka da Rasha ta yi sanyi, amfaninsa ya ƙare. Tsohon hafsansa Idris Deby ya taso daga Darfur da taimakon Sudan da Libiya, sojan Faransa suna nan a Njamena suka naɗe hannu suna kallo. A farkon Disamba 1990 Habre ya bi hanyar da Gukuni ya bi, ya ƙetare zuwa Kamaru, daga can ya wuce Senegal. A can wata kotu ta musamman ta yanke masa ɗaurin rai da rai ran 30 ga Mayu 2016, ya mutu a Dakar a 2021. Babu ko ɗaya daga cikin waɗanda suka ba shi makami da ya tsaya tare da shi a gaban alƙali.

Awuzu fa, da aka zubar da jini dominta? Ƙasashen biyu suka kai ƙara kotun duniya ta birnin Heg, ran 3 ga Fabrairu 1994 ta ce yankin na Cadi ne, Libiya ta kwashe sojanta a ƙarshen Mayu ba a harba harsashi ba. Abin da shekaru na yaƙi suka kasa, alƙalai sun gama shi da takarda. Ruwan bashin kuwa bai tsaya ba. Cikin hafsoshin Libiya da aka kama a 1987 akwai Kanar Halifa Haftar. Amurka ta ɗauke shi da mutanensa ta shirya su domin yaƙar Gaddafi, ta kwashe su sa'ad da Habre ya faɗi, ya dawo Libiya a 2011 ya zama jigo a yaƙin basasarta. 'Yan tawayen Cadi da suka sami mafaka da makamai a cikin rikicin Libiyan nan, su ne suka ƙetaro a watan Afrilu 2021, Idris Deby ya rasa ransa a wurin yaƙarsu. Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991, an kashe Gaddafi a 2011, sojan Faransa sun bar Cadi a watan Janairu 2025, marayu da gwauraye kuwa suna nan inda aka bar su.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Tarihin Musulmi ya riga ya ga irin wannan. Sa'ad da daular Andalus ta tarwatse ta zama ƙananan sarautu, kowane sarki ya riƙa biyan sarakunan Kirista na arewa domin su taimake shi a kan maƙwabcinsa Musulmi, har Tulaiɗila ta faɗi a 1085. Garnaɗa ma, kafin faɗuwarta a 1492, sarkinta na ƙarshe yana yaƙi da mahaifinsa da baffansa, abokan gaba suna yi masa ingiza mai kantu. A ɗaya gefen kuma muna da misalin Sayyidina Hasan ɗan Ali, Allah Ya yarda da su, wanda yana da runduna a bayansa amma ya sauka ya bar wa Mu'awiya mulki a shekara ta 41 bayan Hijira domin a tsare jinin Musulmi, har aka kira shekarar da sunan shekarar haɗuwar jama'a. Da ɗaya daga cikin waɗanda suka zauna a Kano a 1979 ya iya haɗiye rabin abin da Hasan ya haɗiye, da Njamena ba ta zama kufai ba. Suratul Hujurat ta ɗora wa al'umma nauyin sulhunta ɓangarori biyu na muminai idan sun yi faɗa, ta kuma sharɗanta adalci a cikin sulhun. Mai sulhun da yake da nasa ɗan takara a cikin rigimar ya riga ya karya wannan sharaɗi tun kafin a zauna.

Saboda haka, 'yan'uwa, abu uku za mu ɗauka. Na farko na ma'aikaci ne: tsaron ƙasa yana farawa daga teburinka, domin duk hakkin da ka danne tsaga ce ka yi a bango, kuma akwai masu jira a waje. Na biyu na ɗan kasuwa ne da duk mai abin hannu: kafin ka ba da gudummawa ko ka goyi bayan wani mai ɗauke da bindiga saboda ya ambaci sunan addini, tambayi wanda ya saya masa bindigar da abin da aka yi masa alkawari, domin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Gaddafi ya shiga Cadi da sunan Musulunci, ya fara da cin ƙasar Musulmi. Na uku na shugabanni ne: sulhu da ɗan'uwa, komai ɗacinsa, ya fi araha a kan taimakon baƙo, kuma ya fi sauƙi tun ba a buɗe ƙofar baya ba.

Mu ma nan mun ɗanɗana, domin a yaƙin basasarmu na 1967 zuwa 1970 Ingila da Rasha sun sayar wa gwamnatin tarayya makamai, Faransa kuma ta taimaki Biyafara, kowace da nata lissafi. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu 2023 kuwa ya koro dubban ɗaruruwan mutane zuwa gabashin Cadi, ta kan hanyar nan da alhazanmu suke bi, kuma a can ma kowane ɓangare ya sami masu miƙo masa makami daga waje. Masu ba da bashi suna sauya suna da tuta, sharaɗin bashin dai bai sauya ba.

Allah Ya ji ƙan waɗanda suka rasu cikin waɗannan fitinu, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, Ya tsare ƙasashenmu daga sharrin rarrabuwa, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.